Suyar Naman Sa Irin Ta Tailan

Tambaya: Anti, na soya naman sa da kayan lambu irin na Tailan, amma ya tsinke da ruwa, naman kuma ya yi tauri. Ina matsalar?

Amsa: 'Yata, wutarki ce ba ta kai ba, kuma kin cika kasko. Yanka naman siri-siri, ki gitta wa zarensa wuƙa. Bari mai ya yi zafi sosai, ki jefa tafarnuwa da attarugu, nan take nama ya biyo, kaɗan-kaɗan. Minti 2 ya isa, kwashe. Soya karas da tattasai sama-sama, kada su yi laushi. Mayar da naman, ki ɗiga nam pla, ruwan kifin da 'yan Tailan ke girki da shi, da ɗan sukari. Gishirin nam pla ya wadatar, kada ki ƙara. Ganyen ɗoɗɗoya a ƙarshe, sai farar shinkafa.