Yaron da jikinsa ke jinkirin amsawa

Otizim lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma. Wasu na kiranta galahanga. An fi ganinta ga yara maza. Ba shafar aljanu ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne.

Yawancin mutane da jinkirin magana suke gane ta, ko kuma da rashin haɗa ido. Amma tana taɓa motsin jiki ma. Tun a 1943, da likita Leo Kanner na Amurka ya yi bayaninta, ya lura wasu yaran ba su da saitin tafiya.

Za ka ga yaro yana yawan tuntuɓe a fili. Wani yana tafiya a kan yatsun ƙafa. Wani kuma riƙe cokali ko ɓalla maɓalli ne ke ba shi wuya. Tsayuwa daram aikin haɗin gwiwa ne: ido yana gani, cikin kunne yana auna karkata, tafin ƙafa yana jin ƙasa. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya ita ke daidaita saƙonnin. Idan daidaitawar ta samu tangarɗa, sai jiki ya yi tangal-tangal.

Sai batun jinkiri, kuma a nan ake yawan zaluntar yaran. Ka jefa masa ƙwallo, sai ta bugi ƙirjinsa sannan hannu ya tashi. Ka ce ya zo, sai ya tsaya kamar bai ji ba. Sau da yawa ya ji, saƙon ne bai gama isa ƙafa ba. Tsawa da duka ruɗa shi kawai suke ƙara yi. Faɗi magana ɗaya gajeriya, ka ƙirga goma a zuci kafin ka maimaita.

Jiki yana koyo da maimaici. Ja layi a ƙasa ya bi ta kai. Riƙe hannunsa ya gwada langa. Fara gara masa babbar ƙwallo a ƙasa kafin jifa. Tsintar wake a faranti tana horar da yatsu, amma a sa ido kada ya kai baki.

A bakin titi, rijiya da murhu, kada a dogara da cewa zai kauce da sauri. A riƙe hannunsa. Idan faɗuwar ta yi yawa, ko ya daina abin da ya iya a da, a kai shi wurin likitan yara, a kuma tambayi sashen gashin ƙashi.