Aron Fili Don Kafa Bukka a Al'adar Bahaushe

Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin mallakar gona a ƙasar Hausa, wato gado da saye da kyauta da jingina. A nan za a dubi aro, musamman irin wanda mai gona kan bai wa baƙo wuri ya kafa bukka a bayan gari, inda babu famfo babu lantarki, sai ruwan rijiya ko na rafi da itacen daji.

Yadda Ake Ƙulla Aro

Waɗanda aka fi bai wa irin wannan aro su ne Fulani makiyaya, sai kuma 'yan cin rani. Da kaka, bayan an kwashe amfanin gona, makiyayi kan je wurin manomi ya nemi izinin sauka. In an amince, sai mata su kafa bukkoki da kirare da kara da ciyawa, shanu kuma su riƙa kwana a gonar suna cin kara da sauran abin da girbi ya bari. Ribar manomi ita ce taki, domin gonar da garke ya kwana a cikinta wata biyu ko uku ba ta kan ba da kunya da damina. Saboda haka a da manomi ne ma kan yi zawarcin makiyayi, har ya haɗa masa da damin dawa ko gero. Ɗalibi ya lura, wannan ba haya ba ce, musayar amfani ce.

Sharuɗɗa

Ba a rubuta yarjejeniyar, amma akan sanar da mai unguwa ko dagaci, shi kuma makiyayi ardonsa ne shaidarsa. Babban sharaɗi shi ne kada baƙo ya gina ɗakin ƙasa, kada ya dasa itace. Dalili kuwa, bukka ana tuge ta cikin yini guda, amma gini da itace alamun zama ne na dindindin, kuma da su jikoki kan kafa hujja wata rana su ce gonar ta kakansu ce. Shi ya sa Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Da zarar ruwan shuka ya sauka, wajibi ne a tashi. Idan dabba ta yi ɓarna a gonar maƙwabci, mai ita ne zai biya, sai dai mai masauki ba ya rasa nasa rabon na zargi, tun da shi ya jawo baƙon.

Sauye-sauyen Zamani

Yaɗuwar takin zamani da noman rani a fadamu, da kuma sayar da kara da harawa da manoma suke yi, sun rage wa makiyayi daraja a idon mai gona. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Dokar Filaye ta 1978 kuwa ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe fili a karkara. Duk da haka, a ƙauyuka da dama har yau da baki ake ƙulla aro, kuma idan shaidun farko suka mutu, magada kan ƙare a gaban alƙali.

Jinga

Ka ziyarci wani dattijo manomi a yankinku, ka rubuto yadda ake saukar da makiyaya a gona a zamanin ƙuruciyarsa, da yadda abin yake a yau.