DARASI: YARINYAR DA KE ZAMA A BAYAN TAGA

A wani ƙauye da muke zuwa yin Misa sau ɗaya a wata, mun daɗe muna lura da wata yarinya wadda ba ta shiga majami'a. Takan shimfiɗa buhu a bayan taga, ta saurari karatu da wa'azi, ta tashi kafin a sallami jama'a. Da muka tambayi katikis, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Fada, yoyon fitsari gare ta." Shekarunta 17.

Da izininta muke ba da labarin. Naƙuda ta kama ta da la'asar. Haihuwar fari ce, kunya ta hana ta faɗa wa kowa sai da dare ya yi. A lokacin babu mai babur da zai yarda ya ratsa dajin da duhu, saboda 'yan bindiga. Gari ya waye, miji ya fita neman rance, tsofaffi suna ta ba ta jiƙe-jiƙe. Sai a rana ta uku aka kai ta asibiti, aka ciro ɗan ba rai. Ba ta ga fuskarsa ba, ba ta san inda aka binne shi ba. Kafin mako ya zagayo fitsari ya fara zuba ba tsayawa, miji kuwa ya mayar da ita gidan iyayenta, wai har ta ji sauƙi.

Ya kamata mu fahimci yadda ciwon nan ke samuwa, gama da yawa cikinmu suna ɗora shi a kan maita ko zunubi. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ruɓe ya bar kafa. Ta nan fitsari ke bi. Yankan gishiri ma yakan jawo shi. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga hatsari, amma uwar 'ya'ya biyar ma ba ta tsira ba. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke gargaɗi kada rana ta faɗi sau biyu mace tana kan gwiwa.

A Bishara ta Markus 5:25-34 mun karanta labarin macen da ta shekara 12 tana zubar jini. Bisa ga dokar da ke cikin Littafin Firistoci, sura 15, ita marar tsarki ce, haka ma shimfiɗarta da mazauninta. Don haka ta bayan Yesu ta lallaɓo, cikin cunkoso, ta taɓa rigarsa. Ta warke nan take, da ma sai ta sulale abinta. Amma Ubangiji ya tsaya, ko da yake Yayirus, shugaban majami'a, yana jiransa 'yarsa na bakin mutuwa. Ya neme ta, ya saurari labarinta duka, ya kira ta 'yarsa a gaban taron. Mu dai shekara guda muka yi muna ganin buhun nan kafin mu yi tambaya, ba ma faɗin wannan da alfahari.

Ciwon yana da magani, yawancin masu shi sukan warke da aikin tiyata. A Babbar Ruga, Katsina, akwai cibiyar ƙasa ta wannan aiki, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi wa dubban mata aiki tun daga shekarun 1980. Akwai cibiyar Laure a Kano, da ta Evangel a Jos. A kudu, Sista Ann Ward, likita 'yar Ailan, ta ba da shekaru masu yawa ga irin waɗannan mata a jihar Akwa Ibom. Tun 2013 kuma duniya ke tunawa da su kowace 23 ga Mayu.

To, me ya hana yarinyarmu zuwa? Ashe ranar da aka sallame ta an ba ta takarda mai tura ta ɗaya daga cikin cibiyoyin nan. Ta naɗe ta cikin leda ta ajiye a kwalla. Babu mai karatu a gidansu, kunya kuma ta hana su kai wa malamin makaranta. Ta rage shan ruwa don fitsarin ya ragu, ba ta san hakan ke ƙara wari da kumburin fata ba. Duk wanda ke ganin ajin yaƙi da jahilci na mata ɓata lokacin gona ne, ya tuna da wannan takarda.

Muna roƙon Zumuntar Mata a kowace majami'a ta san masu ciki na unguwarta, a tanadi kuɗin mota tun wata na bakwai. Inda hanya ba ta biyuwa da dare, a kai mace gidan dangi kusa da asibiti kafin lokacinta ya yi. Maza kuma su bar izini a gida, kada a tsaya jiran mai gida ya dawo daga kasuwa.

Mata biyu na Zumunta ne suka raka yarinyar, aka yi mata aiki, ta warke. An gargaɗe ta cewa haihuwa ta gaba sai a asibiti. Ta roƙa a yi Misa domin tunawa da ɗanta, mun yi. Mijin bai zo ba tukuna, dattawan ikilisiya sun je wurinsa sau biyu.