Abin da Za a Saurara a Gidan Biki: Shawara ga Iyaye a Rano da Kibiya

Da kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, sai aure ya yawaita tun daga Rurum har Tarai. Iyaye kan kwana suna lissafin gara da kayan ɗaki, amma abin da zai shiga kunnen jama'a sai a sakar wa yaron da ya kawo lasifika. Don Allah a daina haka. Uwar amarya da uwar ango su wakilta mutum guda mai hankali ya riƙe wannan aiki.

Wurin ɗaurin aure, huɗubar liman da addu'a sun wadatar.

Walima ce ke son shiri. A nemi ɗaliba mai kyan tajwidi daga Islamiyyar da amarya ta yi, a sanar da ita mako guda kafin ranar. Aya ta 21 a Suratur Rum da farkon Suratun Nisa'i sun dace, a biyo da fassara saboda tsofaffi. Malamar da za ta yi wa'azi ta taƙaita, kada ta wuce minti 20, kuma nasiharta ta taɓo dangin miji. Ba na jin daɗin walimar da ake tasa yarinya gaba da wa'azin haƙuri ita kaɗai. In gidan masu bege ne, baitoci kaɗan daga Ishiriniya ko Burda sun isa.

Ranar kamu da yini kuwa ta mata ce. In akwai masu kiɗan ƙwarya a garinku, su za a fara nema. Waƙoƙin amada irin na marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, har gobe suna tayar da iyaye mata daga tabarma, 'yan mata kuma za su nemi Ali Jita ko Nura M. Inuwa. Ko wace waƙa ce, a saurare ta daga farko har ƙarshe kafin ranar. Wata waƙar amshinta zaƙi, cikinta habaici. In amarya za ta tarar da uwargida, a cire duk wadda ta taɓa kishiya, domin gobe tsakar gida ɗaya za su share.

Masu zuwa Kano a yi musu waƙar ango da amarya a situdiyo, ku tafi da sunaye a rubuce, ɓangarorin biyu daidai wa daida. A ambaci gwaggon amarya a manta da ta ango, sai a shekara ana jin zancen.

A gaya wa mai kiɗa tun wajen ciniki cewa da an kira salla zai kashe, kuma a tsayar da lokacin tashi. A sanar da mai unguwa, a kuma tambayi maƙwabta ko akwai marar lafiya ko gidan da ake zaman makoki kafin a kafa lasifika.