Sabunta Takardun Mota da Makomar Lamba Idan Mai Bashi Ya Karɓe Abin Hawa

Kowane abin hawa da ke bin titi a Najeriya, mota ce ko Keke Napep ko mashin, dole ne ya kasance da rajista a hannun hukuma, kuma lambar da ke maƙale gaba da baya ita ce shaidar wannan rajista. A jihar Gombe, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ce ke karɓar kuɗin rajista da na lasisi. Jami'an VIO su ne masu duba lafiyar mota, ita kuwa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana riƙe da tsarin lambobi na ƙasa baki ɗaya. Sabon salon lambar da ake gani yanzu ya fito a 2011. Haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukuma, shi ya sa abin hawan da aka yi wa rajista da sunan ƙaramar hukumar Gombe ke ɗauke da GME. Launin rubutu shi ma yana magana: shuɗi na motar gida, ja na haya, kore na gwamnati.

Lamba sau ɗaya ake karɓarta, amma takardun da ke rakiyarta suna mutuwa. Lasisin mota da inshora shekara guda suke yi, haka ma takardar shaidar lafiyar mota tana da nata wa'adin. Mai son sabuntawa yakan tafi da tsofaffin takardu da shaidar mallaka, ya biya, ya karɓi rasit. Tun daga 1 ga Janairu 2023 inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiyar wani kuma ta kai har naira miliyan 3. A nan ne aka fi cutar mutane. Akwai 'yan tsakiya da ke tsayawa a bakin ofisoshi suna cewa a kawo su yi cikin sauƙi, su dawo da takarda mai kyan bugu wadda babu kamfanin da ya san da ita. Ranar da aka yi haɗari ne mai mota ke gane ya sayi iska. Ana iya bincika sahihancin inshora ta waya da lambar mota, kuma gara a yi haka kafin a bar wurin.

A unguwa irin Kagarawal da ke Gombe, yawancin maganar karɓe abin hawa ba ta banki ba ce. Mai hali ne ke sayen keke ko mota ya ba matashi, a ƙara riba a kan kuɗin saye, a yanka abin da zai riƙa kawowa duk mako har ya gama biya, sannan abin hawan ya zama nasa. Kafin cikar biya, takardun asali suna hannun mai kaya kuma da sunansa, direba yana yawo da kwafi. Wanda zai biya kuɗin sabunta takardu a tsawon wannan lokaci abu ne da ya kamata a rubuta tun ranar farko. Sau da yawa ba a rubutawa, kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido, takardu su mutu, sai jami'ai sun kama keken a hanya, kwana biyu ko uku babu aiki, kuɗin mako ya karye, daga nan rigima ta samo tushe.

Dokar sayen kaya ta hanyar biya kaɗan-kaɗan ta 1965 ta yi wa mai kaya iyaka. Ta buƙaci yarjejeniya ta kasance a rubuce, a bayyana kuɗin kaya na hannu da jimillar abin da za a biya. Idan mai biya ya riga ya ba da kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin mota, mai kaya ba shi da ikon ƙwace ta da ƙarfinsa, sai ta hanyar kotu. Idan ya yi gaban kansa, yarjejeniya ta rushe, kuma mai biya yana iya neman a mayar masa da duk abin da ya biya. Dokar ta bar wa mai kaya ƙofa guda: in biya uku ko fiye sun taru ba a kawo ba, yana iya ɗauke motar ya ajiye a wurin da ke hannunsa don kare ta daga lalacewa har kotu ta yanke hukunci, amma ɓarnar da ɗaukewar ta jawo tana wuyansa. Ajiyewa aka ce, ba sayarwa ba. Tura matasa su tare direba a tsakar titi su fizge makulli kuwa, wannan jawo wa kai ƙara ne.

Sai batun lamba. Rajista ta haɗa abubuwa uku wuri guda: lambar, lambar shasi, da sunan mai mota. Direban da aka karɓe keke daga hannunsa, rajista kuma da sunan mai kaya, ba shi da haƙƙi a kan lambar, cire ta don huce haushi ba ya rage masa bashi. Lamarin ya bambanta idan rajista da sunan wanda ake bi bashin take, kamar wanda ya jinginar da motarsa ya karɓi rance. Muddin sunansa na cikin rajista, duk abin da aka aikata da motar, kaɗe mutum ko ɗaukar kayan sata, ƙofarsa 'yan sanda za su fara ƙwanƙwasawa, ko da motar ta yi wata shida da barin hannunsa. Don haka ranar miƙa mota a rubuta takarda mai kwanan wata da lokaci, da lambar mota da ta shasi, da jerin takardun da aka miƙa, ɓangarori biyu da shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Daga nan a sanar da ofishin lasisi.

Ɗaura lambar wata mota a kan wata ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, ko da duka biyun na mutum ɗaya ne. Idan wanda ya karɓe motar zai sayar, sai an yi canjin mallaka a ofishin lasisi da takardar ciniki da tsofaffin takardu, a can ne za a daidaita ko lambar ta bi motar ko a karɓi sabuwa. Lambar da ta ɓace a cikin rikicin karɓewa ana kai rahotonta ga 'yan sanda, a yi takardar rantsuwa a kotu, sannan a nemi madadinta.