Karatu Sau Ɗaya Ake Koyonsa: Darasi Daga Yaran Sifaniyanci A Amurka

'Yan uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi yaron da ya tashi da harshe biyu, ɗaya na gida ɗaya na makaranta. Da wanne za a fara koya masa karatu? Za mu ɗauko misali daga Amurka, inda aka shafe shekaru sama da sittin ana gwada wannan al'amari a kan yaran da iyayensu ke magana da Sifaniyanci, wato harshen mutanen Sifen.

Su Wane Ne Waɗannan Yara?

Fiye da mutum miliyan 40 ne ke magana da Sifaniyanci a gidajensu a Amurka, yawancinsu 'yan asalin Meziko ne, sai tsibirin Puerto Rico da Kyuba da sauran ƙasashen yankin. Yaro ya sha nono da Sifaniyanci, da shi aka yi masa tatsuniya, da shi aka tsawata masa. Ranar da ya shiga aji sai ya tarar da Turanci zalla. A da, har hukunta yara ake yi a wasu makarantu idan an ji sun yi harshen gida, kuma da yawansu sun bar karatu tun ba a je ko'ina ba.

A shekarar 1963 makarantar firamare ta Coral Way da ke birnin Miyami ta fito da wani tsari saboda 'ya'yan 'yan gudun hijirar Kyuba: rabin yini Sifaniyanci, rabin yini Turanci. A 1968 gwamnatin tarayya ta yi dokar tallafa wa koyarwa da harshe biyu. Amma fa ba a rasa ja-in-ja ba. A 1998 mutanen jihar Kalifoniya suka jefa ƙuri'ar taƙaita tsarin, a 2016 kuma suka sake jefa wata suka janye takunkumin.

Abin Da Masana Suka Gano

A 1979 Jim Cummins, wani masanin ilimi da ke aiki a Kanada, ya bayyana cewa ƙwarewar da yaro ya samu a harshensa na farko tana bin sa zuwa na biyu. Kin ga matar da ta iya tuƙa tuwon masara, in aka ba ta garin dawa ai ba sai an sake nuna mata yadda ake riƙe muciya ba. To haka karatu yake. Yaron da ya gane cewa harafi sauti yake wakilta, cewa ana haɗa baƙi da wasali a sami gaɓa, cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ya gane ke nan har abada. Abin da ya rage masa a harshe na biyu shi ne sababbin kalmomi da sababbin sautuka.

A 2006 wani kwamitin masana a Amurka, wanda Diane August da Timothy Shanahan suka tace rahotonsa, ya tattara binciken da aka yi kan irin waɗannan yara. Ya nuna cewa koyar da karatu da harshen gida yana taimaka wa karatun Turanci daga baya. Ya kuma ja kunne: dole a riƙa koya wa yaro magana da Turanci da tara kalmominsa, in ba haka ba zai iya furta rubutu amma bai san abin da yake faɗi ba.

Akwai kuma wani sauƙi da Sifaniyanci ke da shi. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kowanne sautinsa ɗaya ne duk inda ya zo. Shi ya sa ake koyar da shi gaɓa-gaɓa: ma, me, mi, mo, mu. Turanci kuwa harafi 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44. Dubi harafin a cikin cat da cake da car, kowanne da yadda ake faɗinsa. Yaron da bai san ma'anar kalmomin ba kuma aka fara shi da wannan, an ɗora masa kaya biyu lokaci guda.

Me Ya Sa Sai Littattafan Labari?

Gaɓoɓi kaɗai ba sa sa yaro son karatu, labari ne ke jan sa. Wata mata mai suna Pura Belpré, 'yar Puerto Rico ta farko da ta yi aiki a ɗakin karatun jama'a na birnin Niyu Yok, ta fara aikin a 1921. Ta duba kantocin littattafai ba ta ga tatsuniyoyin garinsu ba, sai ta riƙa tara yara tana ba su labari da Sifaniyanci da Turanci, har da 'yan tsana. A 1932 aka buga tatsuniyar da ta ji daga bakin kakarta, labarin wata kyankyaso mai kwalliya, Martina, da dabbobi suka yi ta neman aurenta har ta zaɓi ɓera mai suna Pérez. Tun 1996 ake ba da lambar yabo ta littattafan yara da sunan wannan mata.

Ita kuma Alma Flor Ada, haifaffiyar Kyuba, ta wallafa Me llamo María Isabel a 1993. Labarin wata yarinya ce da malamarta ta sauya mata suna zuwa Mary saboda akwai wasu Mariya biyu a ajin. Sai a yi ta kira ba ta amsawa, don ba ta ji sunanta ba, malama kuwa ta ɗauka rashin kula ne. Yaron da ya karanta wannan ya ga kansa a ciki, ba sai an bi shi da bulala ya buɗe shafi na gaba ba.

Yadda Ake Gudanar Da Darasin

1. Kafin a buɗe littafi, malama ta nuna hoton bango, yara su faɗi abin da suka gani da harshen gida.

2. Ta karanta da ƙarfi, tana sauya murya, tana tsayawa ta tambaya: me kuke jin zai faru yanzu?

3. Ta ciro kalmomi daga cikin labarin a rarraba su gaɓa-gaɓa da tafi, kamar Mar-ti-na, sannan a rubuta.

4. A kafa gada zuwa Turanci ta hanyar jera kalmomi masu kama da juna, kamar familia da family. Mu ma mun san irin wannan dangantaka: alcalde na Sifaniyanci, wato magajin gari, da alƙali na Hausa duk daga kalmar Larabci ɗaya suka fito, haka aceituna da zaitun.

5. Yaro ya maimaita labarin da bakinsa, ya zana, ya rubuta, sannan ya tafi gida da littafin.

Wannan mataki na ƙarshe shi ya fi shafarmu. A shekarun 1980 Alma Flor Ada ta riƙa zama wata-wata da iyayen yara a yankin Pájaro na Kalifoniya, yawancinsu ma'aikatan gona da ba su yi nisa a makaranta ba. A karanta littafin yara, a tattauna, su koma gida su yi da 'ya'yansu. Har ta kai iyaye da yaran suna rubuta nasu labaran.

Ina Namu Rabon?

'Yar uwa, yaranmu ma masu harshe biyu ne, wasu ma uku. Rubutun Hausa na boko shi ma wasula biyar gare shi, kuma da ba, be, bi, bo, bu ake fara shi. Ba kuma Amurka kaɗai aka yi wannan gwaji ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin.

Saboda haka kada ki ce ba ki iya Turanci ba don haka ba ki da abin yi. Ki ware minti goma sha biyar bayan cin abincin dare. Ki yi wa yaro Gizo da Ƙoƙi, ki karanta masa labari ɗaya daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ko ki sa yayarsa ta karanta kina saurare. Ki tambaye shi wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, don me. Ki sa ya rubuta sunansa da naki da na kayan miya. Turancin makaranta kuma ya ci gaba da tafiya, don ba kishiyoyi ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.