Wa Ke Tsaron Dukiyar Kamfani?

Ya kamata jama'a su sani cewa babban kamfani, irin wanda ake sayar da hannun jarinsa ga kowa, ba mallakar manajan da ke zaune a ofis ba ne, ko da kuwa shi ake yi wa fadanci. Dukiya ce ta dubban mutane waɗanda suka zuba kuɗinsu, suka wakilta daraktoci su tsare musu ita, daraktocin kuma suka ɗauki manaja ya juya ta. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan mu'amala a babin ƙiradi, inda mai dukiya kan ba wani jari ya yi fatauci a raba riba, suka kuma hukunta cewa wanda aka ba amintacce ne, ba ya lamunin hasara sai in ya yi sakaci ko ta'adi.

To, ina ake gane sakacin? Dokar kamfanonin Nijeriya, wadda aka sabunta a 2020, ta wajabta wa irin wannan kamfani taron masu hannun jari kowace shekara, a gabatar da lissafin da masu bincike na waje suka tantance, a kuma kafa kwamitin duba lissafi na mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktoci. Masu hannun jari ke zaɓen darakta, su ke da ikon tuɓe shi.

Sai dai fa darakta wanda manaja ne ya jawo shi kujera, yake kuma cin alherinsa, da wuya bakinsa ya buɗe ranar hisabi. An ga haka a Agustan 2009, lokacin da Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, cikinsu har da Oceanic da Intercontinental da Afribank, ya zuba wa bankunan naira biliyan 420, saboda tulin bashin da aka bayar ba da jingina ta kirki ba, alhali kowannensu yana da daraktoci da masu bincike, ana kuwa taron shekara ana tafi ana watsewa. Masu ajiya sun tsira da kuɗinsu. Amma da aka soke lasisin Afribank a 2011, malamin makaranta da ɗan kasuwan da suka sayi hannun jarinsa su ne suka tashi a tutar babu.